Alkawarin Giwa: Yadda Muka Je Yankari Da Kuɗin Asusu



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya 'yan'uwa, labarin da zan ba ku yau ya samo asali ne daga wata magana da ta suɓuce daga bakina ban auna ta ba, wadda na kwashe wata 16 ina neman hanyar sauke nauyinta, in ma har na sauke ɗin ke nan.

Wani dare ne a watan Oktoban 2022, ina biya wa 'yar farina Suratul Fili, lokacin tana da shekara 7. Na ba ta labarin Abraha da rundunarsa kamar yadda na saba bayarwa a aji, da yadda giwar ta durƙushe ta ƙi fuskantar Makka. Sai ta ɗago kai ta ce, "Abba, kai ka taɓa ganin giwa?" Na ce a hoto dai. Ta yi shiru kamar na ba ta kunya. Ni kuwa ganin haka, ga gajiya ga son in sallame ta ta kwanta, sai na ce, "Bari kawai, zan kai ki Yankari ki gan ta da idonki." Ko insha Allahu ban ce ba. Na faɗa, na juya, na manta.

Ita ba ta manta ba. Kafin mako ya zagayo ƙannenta sun ji, ƙawayenta na aji sun ji, kakarta ma ta ji. Duk ran Juma'a sai ta tambaye ni, "Abba, yaushe?" ni kuma in ce, "Ana nan dai." Rannan ina karantar da manyan ɗalibaina babin gaskiya da ƙarya, sai muka iso kan hadisin Abdullahi ɗan Amir (RA) wanda Abu Dawuda ya ruwaito. Mahaifiyarsa ce ta kira shi yana ƙaramin yaro, ta ce ya zo ta ba shi wani abu, alhali Manzon Allah (SAW) yana zaune a gidan. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Wallahi ina cikin fassarar muryata ta sarƙe. Shekara nawa ina karantar da wannan hadisi, ina kallon iyaye mata masu cewa yaro "yi shiru in sayo maka alawa" ina girgiza kai, ashe ni tawa alawar giwa ce sukutum.

A daren nan na samo gwangwanin madara, na huda murfinsa, na kira uwargida da yara na ce wannan shi ne asusun Yankari.

Kada mai karatu ya zaci kowa ya yi na'am. Mahaifiyata da ta ji sai ta ce, "Kai wannan yaro, kuɗin buhun masara za ka kai wa birai?" Wani abokin aikina ya ce yawon buɗe ido al'adar Turawa ce da masu hannu da shuni, malamin Islamiyya ina shi ina kwana a daji da iyali. Na san ayoyin da zan iya karanto masa, waɗanda suke umurni da tafiya a bayan ƙasa da lura da halitta, da ayar Suratul An'am da ta nuna cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu. Amma na kama bakina, domin na san ba ayoyin ne suka sa ni huda gwangwani ba, kuma ba na son in naɗa wa kuskurena rawani. Gaskiyar maganar ita ce na yi alkawari. Maganar mahaifiyata kuwa ba ta wasa ba ce, don haka na gindaya wa kaina sharaɗi biyu. Na farko, ba za a taɓa kuɗin cefane da na makaranta ba, kuma ba za mu ɗaga ƙafa ba sai hatsin azumi ya shiga ɗaki. Na biyu, ko kwabo ba zan ranta ba. Hadisin Nana A'isha (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim shi ya tsaya mini a rai: an tambayi Manzon Allah (SAW) dalilin yawan neman tsarinsa daga bashi, ya bayyana cewa wanda bashi ya danne yakan yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. To ina hikimar in ci bashi don cika alkawari ɗaya, in buɗe ƙofar saɓa goma?

Asusun nan ya ga duniya. A watan Janairun 2023, da aka tsayar da wa'adin daina karɓar tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1000, dole na fasa shi na bi layin banki, yara suna kuka wai Abba ya cinye giwa. Muka sake huda wani. Sai kuma ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a 'yan kwanaki. Lissafin da na yi na kwana uku ya koma biyu, kafin shekara ta ƙare ya koma kwana ɗaya a cikin gandun. Na so in haƙura. Uwargida ce ta ce, "Malam, kwana ɗaya ai ba a ce ba a je ba." Ta riƙa zuba ribar zoɓonta, yaran ma suka saka wani abu daga barka da sallarsu, abin da ya sa har yau in na tuna sai in ji nauyi.

Bari in ɗan yi bayanin wurin saboda waɗanda ba su sani ba, domin ni kaina ɗan jihar Bauchi ne amma sai da wannan lalura ta taso na nemi sani. Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya zama gandun daji na ƙasa a ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya, sannan a 2006 aka mayar da shi hannun jihar Bauchi. Daga garin Bauchi ana bin hanyar Gombe, a karkata a Dindima, a iso babbar ƙofa a Mainamaji. Daga ƙofar sai an ƙara fiye da kilomita 40 a cikin daji kafin a kai sansanin Wikki, inda masauki da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi suke. Jimlar tafiyar daga Bauchi kimanin kilomita 110 ce. Wannan kilomita 40 ɗin na ciki shi ne abin da mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ya fara tunani a kai, domin ba hanya ce da za ka tsaya a bakinta ka tare motar haya ba. Ko dai ka zo da mota, ko ka yi shata, shata kuwa ita kaɗai tana iya lashe asusun.

A nan zumunci ya yi rana. Ina da wani aboki da muka yi jami'a tare, mazaunin Bauchi, yana da tsohuwar mota. Na kira shi ina ta kewaye-kewaye, ya katse ni ya ce in zuba mai kawai, shi zai tuƙa, ya ma daɗe yana son kai ɗansa. Muka shirya mu taso daga Azare a motar haya ta Misau da Darazo, mu kwana a gidansa, da sassafe mu wuce. Tanti kuwa wani ɗan agaji a unguwarmu ya ara mini, irin mai ɗaukar mutum huɗu, muka kafa shi a tsakar gida sau biyu don gwaji. Ina ba duk mai niyya shawarar ya yi wannan gwajin, domin a nan muka gane turke biyu sun ɓata, a nan kuma auta, mai shekara 2, ya nuna mana ƙarara cewa shi da tanti sai dai kallo daga nesa. Saboda haka aka sake lissafi: ɗaki mafi araha ga uwargida da auta, tanti ga maza da manyan yara. Abokina ya bincika tun kafin mu taso ko za a bar mu mu kafa shi da kuma inda za a kafa, kuma kowa ya kamata ya tambaya da kansa, ya tambayi kuɗin ƙofa da na zagayen daji a makon da zai tafi, kada ya dogara da abin da wani ya biya bara.

Lokaci kuwa mun zaɓi ƙarshen Fabrairun 2024, cikin Sha'aban 1445. Dalili shi ne da rani ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dabbobi suna taruwa a kwarin kogin Gaji don shan ruwa, sai ganinsu ya fi sauƙi. Da damina daji ya rufe, namun sun warwatsu, sai ka biya kuɗi ka kalli ganye. Sannan muna son mu dawo kafin azumi, wanda ya kama a watan Maris na shekarar. Hatsi ya shiga ɗaki ranar Litinin, ranar Alhamis muka kama hanya, kuma wanda ya san yadda abinci ya yi tsada a wannan watan ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Uwargida ta raba kuɗin a ambulan huɗu ta rubuta a bayan kowace: mota da mai, ƙofa da zagaye, masauki, sai ta huɗu ta rubuta "komawa gida". A cikin ta huɗun har da ɗan abin ko-ta-kwana, saboda ciwon yaro ko facin taya. Ta miƙa mini uku, ta huɗun ta ƙulle a bakin zaninta ta ce, "Wannan ba ta hannunka ba ce, Malam." Na yi dariya a lokacin. Abinci kuwa babu ambulan ɗinsa, domin komai daga gida muka ɗauka: dambun nama kaɗan, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, cincin, burodi, dafa-duka a kula, risho da tukunya ɗaya don shayi da taliya, da jarkar ruwan sha biyu. Sai gidan sauro, tocila, rigunan sanyi don asuba, farasitamol na yara da garin ruwan gishiri da sukari. Ta kuma hana a sa wa yara tufafi baƙaƙe ko shuɗaye, saboda ƙudan tsando ya fi bin waɗannan launuka, cizonsa kuma da zafi.

Akwai wani gyara da na yi a gidan abokina a daren da za mu shiga, wanda ya fi duk waɗannan wuya. Ya gaya mini cewa giwayen Yankari, duk da suna cikin mafi yawan da suka rage a Nijeriya, ba kullum ake ganinsu ba, mutum yana iya zuwa sau uku bai dace ba. Sai na kira yarinyar na zaunar da ita na ce, "Na yi kuskure a maganata. Kai ki inda giwa take yana hannuna, da iznin Allah. Amma ki gan ta, wannan ba a hannuna yake ba, kuma tun farko ya kamata in ce insha Allahu." Ta dube ni ta ce, "To ka ce yanzu." Na ce. Ta ce, "Amma dai za mu gan ta ko?"

Mun isa Wikki da hantsi. Wanda ya fara yi mana maraba gwaggon biri ne. An gargaɗe mu tun a ƙofa cewa kada a ba su abinci, kada a bar ƙofa ko gilashin mota a buɗe, amma muna cikin sauke kaya mai bi wa babbar, ɗan shekara 5, ya zaro ledar burodi yana rangaji da ita. Kafin in ce kai, wani ƙato ya diro ya fizge ta ya haye bishiya, ya zauna yana yage ledar a natse kamar shi ya saya. Yaron bai ji ciwo ba, alhamdu lillahi, amma ya yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba, mu kuma karin kumallon gobe ya tafi. Na tuna maganar mahaifiyata ta kai wa birai kuɗin masara, na ce lallai bakin manya. Daga nan doka ta zama ɗaya: babu abinci a hannun yaro sai a cikin ɗaki, tanti kuma ko ƙwayar gyaɗa ba za ta kwana a ciki ba.

Salla ba ta ba mu wahala ba. Tafiyar ta zarce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade, ba mu kuma yi niyyar zaman kwana huɗu ba, don haka ƙasaru muka yi. Yaran sun yi mamakin ganin Azahar raka'a biyu, kuma na lura sun fahimci babin a rana ɗaya fiye da yadda ɗalibaina suke fahimtarsa a zango guda. Muna idarwa sai ga mugun dawa, wato aladen daji, ya ratso da 'ya'yansa jela a tsaye, ya bi ta gefen tabarmar yana shinshina. Yarinyar ta yi tsalle ta ce tabarma ta zama najasa. Na ce mata a mazhabar Imamu Malik duk mai rai jikinsa da yawunsa masu tsarki ne, cin namansa ne haramun, sai dai in ya bar kashi ko fitsari a wanke. Ta karɓa, amma ba ta sake zama a wannan gefen ba.

Da la'asar muka shiga buɗaɗɗiyar motar zagaye tare da wasu baƙi, aka raba kuɗin, wanda shi ma sauƙi ne ga mai ƙaramin aljihu. Ɗan jagoran ya ce a yi shiru. Mun ga gwambaza a bakin ruwa, mun ga mazo ya gilma, mun hango garken ɓauna suna tayar da ƙura, ga zabin daji ba adadi, ga wani kada kwance kamar gungume. An tsaya da mu a kogunan Marshall, ɗakunan da mutanen da suka fafe a jikin dutse, waɗanda ake kyautata zaton mafaka ce a zamanin farautar bayi. Na tsaya a bakin ɗaya na kasa magana, ina tunanin uwar da ta taɓa toshe bakin ɗanta a cikin wannan rami. Duk wannan yarinyar tana kallo, amma idonta yana can cikin itatuwa. A hanyar dawowa jagoran ya tsayar da mota ya nuna mana rassan da aka kakkarya, da tulin kashi, da wani sawu a cikin taɓo mai faɗin faranti. Ya ce da safen nan suka wuce. Rana ta faɗi ba mu ga giwa ba.

Daren nan a tanti ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta kwanta ta juya baya. Ƙaninta da ɗan abokina suka yi ta ƙirga taurari ta ƙofar tanti har barci ya kwashe su. Ni kuwa na tashi na je na ƙwanƙwasa wa uwargida. Na ce akwai zagayen safe, an ce da sanyin safiya an fi dacewa, ta ba ni ambulan ta huɗu, in mun isa Bauchi na ranci kuɗin mota a wurin abokina, ai ba zai hana ba. Ta ce, "Na san ba zai hana ba. Mutumin da ya ba ka motarsa da gidansa da kwanansa biyu, shi za ka kuma miƙa wa hannu? Kuma in an je ba a gan ta ba fa, sai a kwana a sake?" Na ce ba ki ga fuskar yarinyar ba ne. Ta ce, "Na gani, ni na haife ta. Malam, kai ka ce ko kwabo, a gabansu ka faɗa." Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na koma tanti ina jin haushinta, ina kuma jin haushin cewa babu ta inda zan kama ta. Wani abu ya yi ta kuka a daji can nesa, ban san ko mene ne ba, sanyi ya sauko, na ja wa yaran bargo.

Bayan sallar Asuba muka sauka matakalar da ke kai wa ga ruwan Wikki. Da gangan muka zaɓi wannan lokaci, domin da rana wurin yakan cika da masu wanka maza da mata, mu kuma muna son iyali su shiga cikin sutura da natsuwa. Ba kowa sai mu. Ruwan yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, garau har kana ganin farin yashin ƙasansa, ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, ga tururi yana tashi a kansa saboda sanyin safiya. Wajen bakin dutsen yana da zurfi, don haka muka tsare yara a can ƙasa inda bai wuce gwiwa ba, kowane babba da yaron da yake riƙe da shi. Auta da ya ƙi tanti sai ga shi ya ƙi fita daga ruwa. Yarinyar ta daɗe a tsaye a gefe, sannan ta sa ƙafa, sannan na ji dariyarta.

Kafin mu tafi muka leƙa ɗan gidan tarihin da ke sansanin, inda aka ajiye fatu da ƙasusuwa da haure, da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga masu farautar sata. Ta tsaya a gaban hauren giwa ta gwada shi da hannunta, ta tambayi dalilin da ya sa ake kashe su. Na gaya mata saboda wannan hauren ne, kuma shi ya sa suka ragu, suka koyi gudun mutane. Ta ce, "Ashe tsoronmu take ji."

Mun iso Azare ranar Lahadi da yamma, babu wanda yake bin mu ko sisi, ambulan ta huɗu ma ta dawo da ɗan canji. Mahaifiyata ta tare mu a zaure ta ce, "To, an ga giwar?" Yarinyar ta ce, "Mun ga sawunta, Inna, ya kai farantin tuwo. Abba ya kai ni, saura gani." Da daddare na same ta a ɗakin girki da sabon gwangwani da ƙusa, tana neman dutsen da za ta buga. Canjin da ya rage shi aka fara zubawa, kuma da ta tambaye ni yaushe, na ce insha Allahu in ya cika.